Me ya sa wani mai bincike ke gano furotin iri 300 a jini, wani kuma dubbai?

Ɗalibar_Lab ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a takardun binciken furotin na jini da ake yi da na'urar mas-sifektiromita, mai gane abu ta hanyar auna nauyin gutsattsarinsa. Masani ɗaya zai ce ya gano furotin 300 ko 400 a ruwan jini, wani kuma ya kawo dubu biyu ko fiye, alhali duk jinin ɗan Adam ne, kuma duk da tirifsin, enzayim ɗin da ke daddatsa furotin, suka yanka. Mai ƙaramin adadin ne bai iya aikin ba? In kuma mutum zai auna ingancin aikin mai bincike a wannan fanni, daga ina zai fara dubawa? Allah ya saka da alheri.

Mai_Feftayid ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba rashin iyawa ba ne, halin jinin ne. Mililita ɗaya ta ruwan jini tana ɗauke da furotin miligiram 60 zuwa 80, kuma albumin kaɗai ya cinye 35 zuwa 50 daga ciki. Furotin kamar 22 su ne kusan kashi 99 cikin ɗari na nauyin gaba ɗaya. Irin su IL-6, furotin mai isar da saƙon kumburi, kuwa, a jikin mai lafiya 'yan fikogiram ne a mililita. Tsakanin albumin da su akwai tazarar sau biliyan goma ko fiye, abin da Leigh Anderson da Norman Anderson suka fayyace tun a 2002. Ita kuma na'urar, a duba ɗaya, ba ta wuce tazarar sau dubu goma zuwa dubu ɗari. Gutsattsarin albumin su ke cika ta, ƙananan su ɓace a ƙarƙashinsu.

Saboda haka wanda ya zuba ruwan jini yadda yake, ɗaruruwa zai samu, kuma daidai ne. Haka rukunin Matthias Mann na cibiyar Max Planck da ke Jamus suka yi a aikin Philipp Geyer na 2016: maikurolita ɗaya, minti 20 na awo a na'ura, ɗaruruwan furotin, amma awon yana maimaituwa. Masu dubbai sun ƙara wani mataki ne. Ko dai sun cire manyan furotin 14 da kolum mai ƙwayoyin rigakafi irin MARS-14, ko sun rarraba feftayid, wato gutsattsarin furotin bayan yanka, kashi-kashi kafin zubawa, ko sun tattara da 'yan mitsi-mitsin ƙwallayen nano, ko suna da sabuwar na'ura irin Orbitrap Astral ta 2023 da tsarin DIA, mai auna duk feftayid ba tare da zaɓe ba. Kowanne da illarsa. Albumin motar haya ce a jini, ƙananan furotin da yawa suna manne da shi, in an cire shi sai ya tafi da fasinjojinsa. Kolum ɗin ma yana gajiya, abin da ya cire a samfur na 10 ba lallai ya cire shi daidai a na 150 ba.

Hajiya_EDTA ta amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. 'Yar uwa, kafin ki kalli adadin furotin, je ki sashen da suka faɗi yadda aka ɗebi jinin. In layi ɗaya kawai suka rubuta, "an ɗebi jini an adana", to ki riƙe sakamakon da hannu ɗaya.

Abin da ya kamata ki gani: kwalbar EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, mai murfi ruwan hoda-shuɗi, a juya ta a hankali sau 8 zuwa 10, ba girgizawa ba. Igiyar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya. A sa a na'urar juyawa cikin awa ɗaya ko biyu, 2000 g, minti 10 zuwa 15, a zafin ɗaki, domin sanyi yana tayar da filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, su zubar da abin da ke cikinsu. Wajen zuƙo ruwan saman a bar kamar rabin santimita sama da farin layin nan da ke kan jajayen ƙwayoyi. Mai son tsabta sosai ya sake juya ruwan karo na biyu. A raba maikurolita 100 zuwa 200 a ƙananan kwalabe, a sa a digiri 80 ƙasa da sifili, kwalbar da aka narkar kuma kada ta koma firiza sau da yawa.

Dalilin wannan tsantseni shi ne ƙwayoyin jini cike suke da furotin dubbai waɗanda babu su, ko kaɗan ne, a ruwan jinin. Filatilet kaɗan su tsallake, sai adadin furotin ya yi tsalle, mai bincike ya yi ta murna, alhali datti ya auna. Ƙwallayen nano sun fi kowa shiga wannan tarko, don suna son kama ɓurɓushin ƙwayoyi. Geyer da abokan aikinsa sun fitar da jerin alamomin gane wannan a 2019. Ki duba jerin furotin da takardar ta ce sun bambanta tsakanin marasa lafiya da masu lafiya. In kin ga HBA1, HBB, CA1, PRDX2 da katalas sun hau tare, jajayen ƙwayoyi ne suka fashe, sau da yawa saboda siririyar allura ko an zuƙa da ƙarfi. Ana iya kama wannan tun da wuri da awon haske a nanomita 414, kafin ido ya ga ja. In FLNA, TLN1, THBS1, PF4 da PPBP ne, filatilet ne. In FGA, FGB da FGG sun sauka tare, jinin ya fara daskarewa a kwalba, EDTA bai gauraya da wuri ba.

Mafi muni shi ne a ɗebi jinin marasa lafiya a ɗakin jinya ya yi awa huɗu a kan tebur, na masu lafiya kuma a juya shi nan take a wani wuri. Babu lissafin da zai raba cutar da teburin bayan haka. Kuma kada a haɗa siram da fulasma, wato ruwan jinin da aka hana daskarewa, a bincike ɗaya. Siram an bar shi ya daskare minti 30 zuwa 60, fibirinojin, furotin ɗin daskarewa, ya tafi, enzayim sun yi yanke-yanke. Shi ya sa shirin furotin na jini na HUPO, ƙungiyar masu binciken furotin ɗin ɗan Adam ta duniya, ya fifita fulasma tun a 2005.

Ɗalibar_Lab ta rubuta:

Na gode, Hajiya. To in an ɗebi jinin da kyau, a wajen narkarwa, wato yanka furotin da tirifsin, me ke lalata aiki?

Mai_Feftayid ya amsa:

Maikurolita ɗaya furotin maikurogiram 60 zuwa 80 ce, ta isa har da saura. Hanya mai sauƙi: SDC, wani sinadarin sabulu mai warware furotin, kashi 1 cikin ɗari a Tris 100 mM, pH 8.5, da TCEP 10 mM da CAA 40 mM masu kwance ɗaurin sistin su hana shi komawa, a dafa minti 10 a digiri 95. Ya huce, a sa tirifsin 1 bisa 50, wato kamar maikurogiram ɗaya da rabi, a digiri 37, in an haɗa da wani enzayim mai suna Lys-C ya fi yankuwa. A tsayar da yankan da asid ɗin TFA. SDC zai yi fari ya kwanta, a juya a raba shi, in ba haka ba ya toshe kolum.

Masu amfani da yuriya 8 M a maimakon SDC su kula da abu biyu: a sirka ta ƙasa da 2 M kafin tirifsin, kuma kada zafi ya wuce digiri 37, don tana manna wa laisin, ɗaya daga wuraren da tirifsin ke yankawa, ƙarin nauyin 43 Da, tirifsin ya tsallake wurin. Mai amfani da IAA a maimakon CAA ya yi a duhu, minti 30, in ya zarce sai ta hau inda ba sistin ba. In kuma kika ga jerin tsaunuka masu tazarar 44 Da a zanen da na'ura ta fitar, gurɓatar sinadarin PEG ce daga sabulu ko roba, yana danne sigina gaba ɗaya.

Mai_Lissafi ya amsa:

Ni ban cika yarda a jefar da takarda don an ga alamar filatilet ba, Hajiya. Wasu cututtukan da kansu ke taɓa filatilet ko fasa jajayen ƙwayoyi, sikila misali. Abin tambaya shi ne ko marubucin ya lura, ya kuma nuna cewa an bi hanya ɗaya wajen ɗiban kowane rukuni.

Sauran abin dubawa a wurina: an cakuɗa jerin zubawa, ko an zuba marasa lafiya ranar Litinin, masu lafiya ranar Alhamis? Sigina tana sauka yayin da bakin na'ura ke datti, sai ranar ta zama "cuta". Akwai gaurayayyen samfur da ake maimaitawa bayan kowane 8 ko 10? Furotin nawa ne CV ɗinsu, wato yawan sauyawar awo in an maimaita, ke ƙasa da kashi 20, kuma nawa aka gani a kusan kowane samfur? Wannan adadin na fi nema, don dubu uku da rabinsu giɓi ne ba su kai 400 cikakku ba. FDR, wato kason ganowar ƙarya da aka lamunta, kashi 1 ya zama a matakin furotin, ba feftayid kaɗai ba, ko da manhajar MaxQuant aka yi ko DIA-NN ko Spectronaut. An gyara ƙimar p, ma'aunin ko bambanci na iya zama sa'a ce kawai, irin gyaran Benjamini da Hochberg? In an gwada furotin 500 a 0.05 ba gyara, kimanin 25 za su fito da sa'a kawai. In kuma CRP da SAA1 ne kan gaba, kumburi aka gano, wanda cututtuka da yawa ke kawowa.

Mai iƙirarin alamar cuta ya nuna ta a wani rukunin mutane daban, da PRM ko MRM, hanyoyin auna zaɓaɓɓun furotin kaɗai, da feftayid mai nauyi da aka san adadinsa, laisin +8 ko arjinin +10. Sai ki nemi lambar da ta fara da PXD a ƙarshen takardar, ki shiga PRIDE, rumbun intanet na bayanan irin wannan bincike, ki ga ko ɗanyun fayilolin suna nan, kuma ko yawansu ya yi daidai da yawan mutanen da aka ce an auna.

Hajiya_EDTA ta amsa:

Na karɓi gyaran sikila, Malam. A irin wannan sai a haɗa da awon LDH, enzayim da ke fitowa in ƙwayoyi sun fashe, da haftogulobin, furotin mai kwashe haemogulobin da ya zube. Fashewar cikin jiki tana rage haftogulobin sosai, ta cikin kwalba kuwa ba ta cika taɓa shi ba.