Tambaya kan sukuwar tsallake shinge ta Ingila da masu cewa ga dokin da zai ci

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar doki a taimaka min. Shekaranjiya a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu kafin a fara wasa mai wurin yana ta canza tasha sai munka faɗa kan wata sukuwa ta Turawa, amma ba irin tamu ba ce, dawakai suna gudu suna tsallake shinge mai tsawo kamar katangar gida, wani mahayi ya faɗo dokinsa bai tsaya ba ya ci gaba da bin 'yan uwansa yana tsallakewa shi kaɗai. Wallahi abin ya tsaya min a rai har gida. Da na yi maganar sai wani abokina ya turo min wani dogon sharhi a WhatsApp wai na babbar sukuwar da za a yi a watan Afrilu, Grand National, an jera sunayen dawakai, gefen kowane akwai lambobi da haruffa irin 1P3F2, can kuma an rubuta 8/1 ko 33/1, a ƙasa mai sharhin ya zaɓi doki uku ya ce su ne za su ci. Abokin nan ya ce in kawo dubu biyu mu gwada. Ni dai tambayata biyu ce, mi waɗannan lambobin ke nufi, sannan masu wannan hasashen da gaske sun san abin da zai faru ne?

Na Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi shekaru ina bin wannan sukuwar, bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Turawa suna ce mata steeplechase, asalin sunan daga hasumiyar coci ne, domin a ƙasar Ayilan a 1752 wasu mutum biyu sun yi tsere daga cocin garin Buttevant zuwa hasumiyar cocin Doneraile, duk abin da ya tare musu hanya, shinge ne ko rafi, sai dai a tsallake. Ita Grand National ɗin da aka turo maka a filin Aintree ake yinta kusa da Liverpool, tun 1839. Nisan ya kai kusan kilomita 7, ana zagaya filin sau biyu, tsallake 30 ne gaba ɗaya, kuma duka abin minti tara ne da 'yan kai. Da doki 40 ke shiga, daga 2024 aka rage zuwa 34 saboda cunkoso da haɗari.

Lambobin nan tarihin dokin ne na tserensa na baya, ana karantawa daga hagu zuwa dama, na ƙarshe shi ne na kwanan nan. 1 ya zo na ɗaya, 3 ya zo na uku, haka dai. Haruffan su ne inda labarin yake. F dokin ya faɗi a shinge. U dokin bai faɗi ba amma ya kayar da mahayinsa. P mahayin ne ya ja linzami ya tsayar da shi tun kafin ƙarshe, ko don gajiya ko ya ji wani abu ba daidai ba a tafiyarsa. B wani dokin ne ya faɗi a gabansa ya yi tuntuɓe da shi, ba laifinsa ba. R kuma ya iso bakin shinge ya tirje ya ƙi. To ka ga naka 1P3F2, wannan doki ne mai gudu amma a tsere biyar sau biyu bai kai ƙarshe ba, a wurin da akwai tsallake 30 wannan abin dubawa ne.

Bayan tarihi masu sharhin kirki suna duba abu kamar uku. Na farko nauyi, domin a wannan tseren ba a barin kowa ya ɗauki kaya ɗaya, dokin da aka ga ya fi ƙarfi ana ƙara masa nauyi, ana sa dalma a ƙarƙashin sirdi har ya kai wajen kilo 75 da mahayi da komai, na ƙasa kuma wajen kilo 64, wai don a daidaita su. Kilo goma a kan nisan kilomita 7 ba wasa ba ne. Na biyu ƙasa, in an yi ruwa filin ya yi laushi ko taɓo akwai dokin da nan ne yake jin daɗi, akwai wanda sai ƙasa ta ɗan bushe, shi ya sa sharhin da aka rubuta sati biyu kafin ranar yakan tashi a banza in aka kwana ana ruwa. Na uku ko ya taɓa gudun dogon zango, doki da yawa suna da kyau har kilomita 5 daga nan sai numfashi ya ƙare. Sai kuma a duba mai horarwa da mahayi, misali Willie Mullins na Ayilan dawakansa ne suka ci a 2024 da 2025, I Am Maximus da Nick Rockett, na biyun ma ɗansa Patrick ne ya hau.

8/1 kuma lissafin 'yan caca ne, ma'ana wanda ya sa naira ɗaya in dokin ya ci a ba shi takwas a kan tasa. In lambar ta yi ƙanƙanta ana ganin dokin yana da dama, in ta yi girma kamar 100/1 an raina shi ke nan.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ba su sani ba, kuma ba don jahilci ba, wasunsu sun san doki ƙwarai. Abin da ya sa shi ne dokin nan da ka gani yana gudu ba mahayi. A 1967 wani irinsa mai suna Popham Down da ya riga ya kayar da mahayinsa yana gaba, da aka iso shinge na 23, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a filin, maimakon ya tsallake sai ya gitta a gabansa, dawakai suka haɗu suka cakuɗe, wasu suka tirje wasu suka zubar da mahaya. Wani doki Foinavon da aka ba 100/1 yana can baya nesa saboda rashin gudu, mahayinsa ya samu lokacin ganin abin da ke faruwa, ya ratsa ta gefe ya tsallake ya tafi abinsa, shi ya ci. Har yau shingen sunan Foinavon yake amsawa. A 1928 doki 42 suka tashi biyu kacal suka kai ƙarshe. A 1956 Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, ya tsallake duka shingayen yana gaba, saura 'yan taku ya kai sai kawai ya baje a ƙasa a fili ba shinge ba komai. Na kusa ma, Corach Rambler da ya ci a 2023, da ya dawo a 2024 mutane da yawa suna kansa, a shinge na farko ya kayar da mahayinsa. Wane sharhi ne zai hango wannan? Ni ina karanta sharhin don in san dawakan in ji daɗin kallo, amma kwabona bai taɓa shiga ba.

Baba Mai Barga:

Ɗana, ni ban san Turanci ba, jikana ne ke kunna min wanga abu a waya kuma shi ke rubuta min wannan. Shekara ta fi arba'in ina tare da doki, tun ina yaron barga ina yanko ciyawa har na ɗaure nawa, mun yi hawan sallah mun yi sukuwa, mun sayo dawakai ta Illela. Abin da zan gaya maka, doki rai gare shi. Dokin da ka ba dusa da harawa da kanwa da hannunka, ka fita da shi kilisa kullum da asuba, kai kanka ba ka iya rantsuwa yadda za shi tashi ranar sukuwa. Akwai wani akawal da na riƙe, duk wanda ya gan shi a turke sai ya tsaya kallo, ranar da munka kai shi fili tun a barga na ga kunnuwansa ba su tsaya yadda na saba ba, ya bar rabin dusarsa, na sani a raina yau ba tamu ba ce, kuma haka anka yi. To mutumin da ke zaune wata ƙasa bai ga dokin ya ci ko bai ci ba, bai shafa ƙafarsa ya ji ko da zafi ba, ta ina za shi sani?

Abin da ya burge ni a nasu shi ne yadda dokin ke auna shinge tun daga nesa, ka duba da kyau za ka ga yana gyara takunsa kafin ya iso, mahayi nagari ba ya damunsa da linzami a wurin, sakar masa kai yake. Akwai wani wuri da suna sauka daga tsallake sai su karya kwana hagu nan take, jikana ya ce Canal Turn sunansa, nan ne nake gane wa ya iya hawa. Amma ban ɓoye maka ba, in doki ya faɗi ya kasa tashi ina kau da kai, don na san abin da karayar ƙafa ke nufi ga doki.

Na Runjin Sambo:

Baba Allah ya ƙara lafiya, gaskiya kuka faɗa. Su ma can ana ta rigima a kan haka, a 2013 sun cire katakon da ke cikin shingayen suka sa roba mai lanƙwasa, a 2023 kuma masu kare haƙƙin dabbobi sun shiga filin har aka jinkirta tashi, kuma a ranar wani doki ya mutu a shinge na farko. Bayan nan ne aka rage yawan dawakan.

Wani ɗan Arkilla:

Ɗan Mabera ka saurare ni don Allah, ni na shiga na gani. Da dubu ɗaya na fara, a ƙwallo ma, daga baya aka sa ni a wani gurup na masu ba da lambar doki wai suna da mutum a cikin barga a Ingila. Satin farko dokin da suka ba ni ya ci, na samu dubu shida, wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba ina lissafin babur. Suka ce in ina son na musamman sai na biya kuɗin rajista, na biya. Daga nan ci ɗaya faɗuwa biyar, kullum ina cewa bari in mayar da abin da ya tafi in daina, har na taɓa kuɗin kayan shagon yayana da ya bar min amana ya tafi Kano sari. Daga baya na haɗu da wani da ke cikin gurup ɗin muka gwada saƙonninmu, ashe a tsere ɗaya ni doki daban aka ba ni shi ma daban, kowa da nasa, dole wani ya ci ya yi ta yabonsu sauran a yi shiru. Wata bakwai na yi ina biyan yayana, kuma kuɗin ba su ne suka fi ciwo ba, ranar da ya buɗe littafin shago ya dube ni bai ce komai ba ita ce har yau ban manta ba. Ko babu irin waɗannan 'yan damfara ma, kamfanin cacar ya riga ya cire ribarsa a cikin lambobin nan tun kafin doki ya tashi.

Malamin Islamiyya:

Allah ya saka wa waɗanda suka yi bayani. Ina so in raba abu biyu don kar a haɗa su. Sukuwa kanta ba laifi ba ce, ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawakai a Madina, waɗanda aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Malamai sun halatta kyautar da sarki ko wani mai hali zai sa wa wanda ya yi nasara, kamar yadda ake yi a filayenmu. Amma ɗan kallo ya ajiye kuɗi a kan doki, in ya ci ya kwashi na wasu in ya faɗi a kwashe nasa, wannan shi ne maisir da Allah ya haɗa shi da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, aya ta 91 kuma ta faɗi abin da yake haifarwa, gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga ambaton Allah da sallah. Dubu biyu da dubu ɗari hukuncinsu ɗaya. Ɗan uwanmu na Arkilla, Allah ya karɓi tubanka ya mayar maka da alheri, ka yi namijin ƙoƙari da ka faɗa a bainar jama'a.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Baba na gode, Malam Allah ya ƙara ilimi. Na gaya wa abokina ban ciki, na kuma tura masa abin da yayanmu na Arkilla ya rubuta don shi ya riga ya fara. Kallon dai ina so in yi, yaya na Runjin Sambo ƙarfe nawa ake tashi a agogonmu, kuma akwai wasu kafin Afrilu?

Na Runjin Sambo:

Akwai. Ranar 26 ga Disamba ana tseren King George a filin Kempton, wanda doki Kauto Star ya ci sau biyar, sai taron sukuwar Cheltenham a watan Maris kwana huɗu, a ranar ƙarshe ake Gold Cup mai tsallake 22, a can ba a bambanta nauyi don ƙarfin doki, shi ya sa masana suke ganin nan ake gane gwani na gaske. Ita Grand National ranar Asabar ce, shekarun nan ƙarfe huɗu na yamma suke tashi, kuma a Afrilu agogonsu da namu ɗaya ne, ka ga ya faɗo daidai la'asar. Ni sallah nake fara yi, in na fito masallaci in kalli maimaici a YouTube ba tare da na duba sakamako ba. Kafin ranar ka nemi tseren 1973, ka ga yadda Red Rum ya biyo Crisp daga nesa, Crisp na ɗauke da kaya mafi nauyi ya gaji yana tangaɗi, Red Rum ya kamo shi a 'yan takun ƙarshe. Ka kai wa Baba shi ma ya gani.