Yaya ya ce a ɓoye wa Hajiya ciwon ƙodarta, nas ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Mahaifiyarmu ce kwance a asibiti, yau kwana tara. Ta daɗe da hawan jini da suga, sai ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ragu, ga amai. Shekaranjiya likita ya kira ni da babban yayanmu ya ce ƙodojin biyu sun gaza, sai wanki, wato na'ura ta riƙa tace mata jini. Yaya ya ce a ce mata taifot ne ya shiga jini za a tace, domin tun rasuwar ƙanwarta Hauwa da ciwon ƙoda ko sunan ba ta son ji. Jiya da dare nas ta kawo takardar amincewa, Yaya ya miƙa hannu zai sa, ta ce a'a, Hajiya na cikin hankalinta, ita za ta sa, kuma in ta tambaye ta ba za ta ce taifot ba. Ran Yaya ya ɓaci sosai. Ni nake kwana da ita, ni take kallo duk sanda aka zo ɗibar jini. Ba kuɗi nake tambaya ba, mun haɗa na farko. In gaya mata ne, ko in bi Yaya? Gobe da safe za a sa mata robar wankin a wuya.

Abu Sadiq:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku yi gaggawar wanki, sau da yawa in aka fara ba a dainawa. Ku fara gwada na gargajiya, akwai jiƙon da ya yi wa maƙwabcinmu aiki.

Ɗan Bade:
Allah ya sa kaffara ne. Ku tanadi dubu 50 kowane zama, kuma ƙa'ida sau uku ne a mako, kusan awa huɗu a kan na'ura. Mu sau biyu muka iya, daga baya sau ɗaya.

Hafsy:
An rage fa. A 2025 gwamnatin tarayya ta ce ya dawo dubu 12 daga dubu 50.

Ɗan Bade:
A wasu asibitocinta ne kawai, irin su Azare da Maiduguri. A Damaturu ma gwamnatin Yobe ta mayar da wankin kyauta. Amma allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota ai ba wanda ya yafe.

Baffa Direba:
Wace dubu 12? Watan jiya dubu 45 na ƙirga da hannuna, ban da kuɗin roba.

Ummu Sudais:
Ƙanwata, ki saurare ni, don ni na bi shawarar ɓoyewa. Mahaifinmu wata bakwai ana yi masa wanki muna ce masa jini ake tacewa saboda maleriya. Muka roƙi ma'aikatan, suka yi shiru, ba su ƙaryata mu ba. Rannan yana kan na'ura, wani dattijo a gadon kusa ya ce masa, "Alhaji, kai shekara nawa da taka ta daina aiki?" Ina tsaye riƙe da filas. Bai ce komai ba sai da muka shiga mota, ya ce, "Ashe ni kaɗai ne ban san abin da ke jikina ba." A ranar ya gane gonarsa muka sayar muke biya. Wallahi bai sake karɓar magani daga hannuna ba, sai daga hannun jikarsa. Da ya sani tun farko da ya zaɓa da kansa, da ya faɗi basussukan da ke kansa, ba sai bayan kwana arba'in mutane na ta sallama ba.

Kuma kada a ɗauka ina wanke ma'aikata. Daren da zai rasu numfashi ya sarƙe, na je tebur sau uku, a na ukun aka ce min "ba ke kaɗai ke da mara lafiya ba." Da asuba aka ja labule aka ce in fita. Babu wanda ya zauna ya ce min ga abin da ya faru. Mai shara ce ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, daga bakinta na ji mutuwar ubana. Shekara uku ke nan, har yau in na ji warin asibiti sai cikina ya juya.

Hafsy:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Sista Rabi:
Allah ya gafarta masa. Abin da aka yi miki ba daidai ba ne, ba zan kare shi ba. Maman Ilham, shekarata sha huɗu a aikin jinya, kuma abokiyar aikina ta yi gaskiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani, cikin harshen da yake ji, sai in akwai hujja mai ƙarfi cewa sanarwar za ta cutar da shi. Tsoron 'ya'ya kaɗai ba hujja ba ce. Ki bar doka ma. Za a ce ta rage ruwa, ta bar gishiri da dunƙule, ta yi hankali da ayaba da lemu, kada ta kusanci maganin ciwon jiki irin diclofenac. Wadda ta ɗauka taifot take yi, me zai hana ta shanye kofin kunu biyu? Ba kuma jefa mata maganar za a yi ba. Ki ja kujera, a kira likita, a tambaye ta, "Hajiya, me kika fahimta game da ciwon nan? Kina son a yi miki bayani, ko a yi wa yaranki?" In ta ce a yi wa Yaya, shi ke nan, ita ta wakilta shi. Jiƙon nan kuma don Allah kada a ba ta, ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi.

Malam Tukur:
Wannan tsarin Turawa ne. A gidajenmu babban ɗa ke yanke magana, kuma ƙarfafa wa mara lafiya gwiwa ake yi, ba karya masa zuciya ba.

Ummu Sudais:
Malam, babban ɗan wa ya haife shi? Ka taɓa kwana a tabarma ƙarƙashin gadon asibiti? Wanda bai yi jinya ba ya bar mu mu yi magana.

Malam Tukur:
Na yi jinyar mahaifiyata shekara biyu, 'yar'uwa. Ba mu gaya mata ba, kuma ta rasu hankalinta kwance.

Baffa Direba:
Tsohuwar da daga zaure take gane an taɓa mata tukunyar miya, ita za ku ce wa taifot? 😂

Hafsy:
Haba Baffa, ba wurin wasa ba ne.

Ɗan Bade:
Sista, tunda kina nan, me ya sa da dare sai ɗan jinya ne ke gadin ƙarin ruwa, shi ke zubar da fitsari, shi ke gudu neman jini?

Sista Rabi:
Daren Talata ni kaɗai ce a kan gado 26, uku suna kan iskar oksijin, wuta ta ɗauke sau biyu, da fitilar waya na nemi jijiya. Cikin waɗanda muka gama makaranta tare da yawa suna Saudiyya da Ingila. A 2024 hukumarmu ta ma'aikatan jinya ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita aiki waje, maimakon a gyara abin da ke korar mutane. A 2025 har yajin aikin gargaɗi muka yi.

Maman Ilham:
Na gode muku duka. Yanzu bayan isha'i ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Irin na Hauwa ne ko?" Na ce bari in ɗebo ruwan alwala, na fito. Ina baranda yanzu, Yaya bai ɗaga waya ba.

Baffa Direba:
Yajin aikin nan ai mu ya ci, Sista. Ranar na ɗauko mai naƙuda, asibiti uku muka zaga.

Sista Rabi:
Wa ya kamata ka tambaya, ni ko masu ɗaukar ma'aikata?