Manhajar shigar da bayanan marasa lafiya ta ƙi turawa, a taimaka

Salam 'yan uwa ma'aikatan lafiya, don Allah wanda ya san kan abin nan ya agaza min. A ƙaramin asibitin karkara nake aiki, muna shigar da bayanan masu awon ciki a wata manhaja ta waya, irin wadda ake cikewa ko babu netwok ta ajiye, in sabis ya dawo ta tura. To yanzu ta daina turawa, fom sun taru jingim, in na danna sai abin ya yi ta juyawa ya kusa ƙarshe sannan ya ce an kasa, alhali data akwai, WhatsApp ma lafiya lau yake tafiya.

Na duba kwanan wata da agogon wayar daidai suke, na goge hotuna don a samu wuri, na kashe na kunna, shiru. Wani ya ce in cire ta in sake saukewa, amma ai abin da bai tafi ba a wayar kaɗai yake, in na cire shikenan ya salwanta ko?

Abin da ya fi damuna wata mai ciki ce da jininta ya hau 160/110 ga ƙafa a kumbure, muka tura ta babban asibiti, likitan can bai ga komai a nasa ba sai da na karanta masa awonta ta waya. Ni kuma gaskiya ba na son ɗaukar hoton katin mutane ina watsawa a guruf, sirrinsu ne.

Akwai yadda zan kwafe fom ɗin kafin in taɓa komai? Kuma in na yi afdet suna gogewa ne?