Taswirar ma'anoni ko yawan gwaji: wanne ya fi taimakon mai koyon manɗiƙi?

Ɗaliba: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na fara karatun manɗiƙi, wato ilimin tantance ingancin hujja, a wannan zango, kuma na zana taswirar ma'anoni mai faɗi wadda ta haɗa muƙaddima (jimlar da ake gina hujja a kanta) da natija (sakamakon da hujjar ta kai gare shi) da ƙiyasi (hujja mai muƙaddima biyu da natija ɗaya) da sauran kalmomin fannin, kowace da kibiyarta. Duk da haka, idan aka ajiye mini hujja aka ce in faɗi ko ingantacciya ce, sai in rasa inda zan kama. Shin in bar zanen in koma ga tambayoyin gwaji kawai?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki jefar da taswirar, amma ina zaton kin zana ta tun kafin ki sha wahalar da za ta ba ta ma'ana. Joseph Novak, wanda ya ɓullo da wannan dabara a Jami'ar Cornell a 1972, ya fi ba da muhimmanci ga kalmar da ake rubutawa a kan kibiya, domin ita ce ke bayyana dangantakar ma'anoni biyu. Idan kibiyarki ta tashi daga "inganci" zuwa "gaskiya" ba tare da wata kalma a kanta ba, to ta ɓoye ainihin abin da ke rikita masu farawa. Dubi wannan: duk tsuntsu yana tashi, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi. Siffar hujjar ba ta da aibi, domin da muƙaddimomin biyu gaskiya ne, da natijar ta zama dole; ƙaryar tana cikin muƙaddima ta farko. Ga wata kuma: idan fitila tana ci, akwai wuta a batirinta, akwai wuta a batirin, saboda haka fitilar tana ci. Wannan ta fi daɗin ji, amma ita ce gurɓatacciya, tunda ana iya kashe fitila batirinta na cike. Ki warware irin waɗannan guda goma, duk inda kika yi kuskure ki koma kan taswirar ki gyara kibiyar da ta yaudare ki.

Mai nazarin lissafi: Malam ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne jadawalin gaskiya, wanda ke jera layi-layi duk hanyoyin da jimlolin hujja za su iya zama gaskiya ko ƙarya: jimloli biyu suna ba da layi 4, uku suna ba da 8, kuma layin da ake nema shi ne wanda muƙaddimomi duka suka zama gaskiya natija ta zama ƙarya. Idan aka same shi, hujjar ta faɗi. A ƙiyasi kuwa zanen da'irori uku na John Venn, wanda ya fito a 1880, ya fi haddace siffofi sauƙi, musamman da yake siffofin 256 ne, kuma 24 ne kawai daga cikinsu ingantattu a tsarin gargajiya.

Ɗaliba: Na gode, Malam. Na duba taswirar yanzu, kuma lalle a kan kibiyar da ke tsakanin "inganci" da "gaskiya" na rubuta "daidai suke". Zan gwada misalin fitilar a jadawali kafin in taɓa zanen.