Lamba 2 a ƙirjin Baba: yadda aka kwashe a zauren 'yan unguwa

Sagir Tudun Wada: Jama'a raina a ɓace yake. Jiya a wajen ɗaurin aure a Tudun Jukun na nuna hoton Baba da kakinsa na ranar da ya yi ritaya. A kan ɗaya daga cikin ƙyallayen lambobin yabon da ke ƙirjinsa akwai ɗan farin ƙarfe mai siffar 2, bai fi ƙwayar masara ba. Sai wani kurtu da ko gashin baki bai gama fito masa ba ya tuntsire da dariya, wai tela ne ya maƙala masa don ado. Mutumin da ya je Darfur sau biyu, ya bar mu muna cin tuwo ba miya!

Baba Saje: Yi haƙuri ɗana, yaron bai sani ba ne. Lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ana ba wanda ya cika kwana 90 a aikin kiyaye zaman lafiya. In ka koma wannan aikin dai, ba a ƙara maka wata, sai a ba ka ɗan adadi ka soka a ƙyallen. Shi ya sa ba za ka ga 1 ba, daga 2 ake farawa. Ni Laberiya na yi, sau ɗaya, ƙyallena fayau yake.

Habu Kwangila: Ni ba ruwana da 2 ko 3. Wa kake kira kurtu? In dai yaron ya fita daga Defo, makarantar horar da sababbin sojoji, ya yi faretin yaye, soja ne cikakke. Ka janye.

Sagir Tudun Wada: Habu, an zagi mahaifina, kai kalma ce ta dame ka?

Habu Kwangila: Ƙanina a Defo ya yi wata shida yana shan rana da ƙafa duk kanta. Kalmar nan raini ce.

Malam Nura: Kurtu ai ba zagi ba ne, daga Turanci muka aro ta, sabon ɗauka ke nan. Tun 1924 Defo ke nan Zariya tana yaye su, kakanninmu haka suke kiransu.

Habu Kwangila: Malam, da girmanka. In ba zagi ba ne, me ya sa ya haɗa da zancen gashin baki?

Ɗan Birni: To ni dai na ji an ce adadin mutanen da soja ya harbe ne ake rubutawa.

Baba Saje: Subhanallahi! A ina ka ji?

Ɗan Birni: Wajen mai shayi a PZ, kuma mai maganar ɗan bariki ne.

Maman Ummi: Dakata. Me kake nufi da ɗan bariki? A barikin Basawa aka haife ni, uwata ta yi shekaru tana sayar da waina a kasuwar mami, da shi ta kai mu makaranta. Ku 'yan cikin ganuwa kun ɗauka kun fi kowa tarbiyya.

Ɗan Birni: Hajiya ni ban ambaci tarbiyya ba. Amma tunda kin taɓo, Zazzau ta girmi bariki.

Maman Ummi: Ta girme shi, amma in rikici ya tashi ƙofar wa kuke kwankwasawa?

Injiniya Bello: Mu dawo kan magana don Allah. Ba Majalisar kaɗai ke da wannan tsari ba. Sojan ƙasa na Amurka na da lambar aikin jiragen sama da aka ƙirƙiro a 1942. Da, duk ƙari sai a soka ɗan ganyen ƙarfe a ƙyallen. A yaƙin Biyetnam matuƙan helikwafta suka riƙa samunta har ganyen ya rasa wurin zama, sai aka koma adadi na tagulla. A wata lambar tasu ta kwas ɗin su kofur da saje kuwa, adadin matakin karatu yake nunawa, ba yawan zuwa ba.

Habu Kwangila: Injiniya ka kai mu Amurka, mu muna Zariya. Ya janye kurtu tukuna.

Sagir Tudun Wada: Ba zan janye ba. Ban ma tabbatar soja ne ba, askinsa na gani da takalminsa.

Habu Kwangila: Kun ji ko! Ashe aski ya gani!

Maman Ummi: Ni har yanzu Ɗan Birni nake jira.

Auwal (shugaban zaure): To, na rufe, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Sagir ya zo da ƙorafi a kan wani ƙarfe a hoton mahaifinsa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A ciki ya yi wa ƙananan sojoji kuɗin goro, Habu ya ja masa kunne cikin ladabi, daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa ba shi da hujja. Injiniya ya kawo labarin Turawa. Maganar Hajiya da Ɗan Birni ku ƙarasa a gefe. Masu cewa don ni da Habu gidanmu ɗaya ne, Allah ya isa. Kuɗin gudummawar bikin Asabar har yanzu mutum tara ba su turo ba, Sagir da kai a ciki.