Dogo ko noti kai tsaye? Shawara nake nema kan mariƙin sandar fatsa

Baban Ummi, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya Allah ya hore mini na sayi jirgin alminiyam na hannu, ƙafa 16, da inji mai doki 40. Wanda ya sayar mini bai taɓa kafa masa komai ba, sandar fatsa a hannu yake riƙewa ko ya jingina ta da kujera. Ni kuwa da yara 2 nake fita, ƙaramar ba ta minti 5 da sanda a hannu sai ta yar ta koma kan biskit.

Abin da ya ɗaure mini kai: in shimfiɗa dogon alminiyam mai inci 24 a kowane gefe in riƙa zura mariƙan a ciki, ko in ɗaure su kai tsaye a leɓen jirgin? Na roba ko na ƙarfe? Don Allah ku lura, leɓen siriri ne, na auna inci 2 da rabi. Ta baya kuma hannu ba ya shiga ƙarƙashinsa saboda soson da aka cusa a wurin. Abin da uwargida ta amince a kashe dala 400 ne, ko sisi ba ƙari. Yawanci tafkin Alum Creek nake zuwa nan kusa da mu, tafkin Erie sai sau 2 ko 3 a shekara.

Ɗan Yawuri:
Wa'alaikumus salam. Yaya, jirgin ruwa ka saya ko jirgin ƙasa, da ake ta maganar dogo? Allah ya sa alheri dai.

Alhajin Toledo:
Masha Allah ƙanena, Allah ya tsare. Kada ka tsaya wahalar da kanka. Dogo mai inci 48 kowane gefe, mariƙan ƙarfe 6 masu haƙori, shi ke nan ka huta har jikoki. Shekarata 14 a kan Erie. Amfanin dogo shi ne sau ɗaya za ka huda jirgi. Gobe in ka ga sandar ta yi baya da yawa, ka kwance maɗauri ka matsar da ita gaba. In ka gama kamun kifi ka zare komai ka sa a but, ɓarawo ya zo ya tarar da fili. Kuma mariƙan kamfanonin Traxstech da Bert's da Cisco da Cannon galibi suna shiga dogon juna, ba sai ka auri kamfani ɗaya ba.

Baban Ummi, Columbus:
Na gode Alhaji. Amma nawa wannan zai kama? Na ce 400 gare ni.

Alhajin Toledo:
Mariƙi ɗaya mai kyau wajen 110. Dogo mai inci 24 ɗin da kake magana na saya 70. Ka yi lissafi.

Maman Hanif, Minneapolis:
Kai Alhaji, mariƙan kaɗai 660 ke nan, ba a ma zo kan dogo ba. Bawan Allah ya ce 400. Mu na roba muka sa, na Scotty, dala 25 kowanne, yau shekara 6 ko tsagewa babu. Maigidan ya ɗaure mazaunin da noti 4, in mun dawo sai mu cire kan mu bar gindin.

Kawu na Detroit:
Ɗana, ka saurare ni da kunnen basira, don ni abin nan ya ci ni. Shekara 3 ke nan. Na sayi dogo da mariƙai na ƙarfe, kusan dala 500. Na ce ba zan yi da kaina ba kada in ɓata, na kai wani shagon gyaran jirage, ba zan kama suna ba, suka caje ni 180 kuɗin aiki. Na je ɗauka na ga abu tsaf, yana sheƙi. Ashe ba su sa noti ta ƙasa ba. Irin kusar nan mai zare da ke cin jikin ƙarfe da kanta suka murɗa a alminiyam ɗin da bai fi kaurin kwali ba.

Fita ta 3 ce, watan Yuli, muna jan Dipsy Diver. Wanda bai sani ba, faifai ne da ke nutsar da zare ƙasa yana kuma janye shi gefe, ko babu kifi sandar a lanƙwashe take kamar baka. Sanda 2 a gefen dama. Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke, sai na ji ƙara kamar an buɗe gwangwanin madara. Kafin in waiwaya dogon ya ɗago daga baya, ya tafi da sandunan duka biyun. Ina gani suna nutsewa.

To tawa ba ta dame ni ba. Ɗayar ta surukina ce, yayan matata. Da ƙyar ya ara mini, har da cewa ita ce ya fara saya da ya zo ƙasar nan. Na koma shagon, suka ce ni na yi wa dogon lodi, takardarsu ba ta ce za a ja abu mai nauyi ba. Na biya suruki kuɗin sabuwa, ya karɓa, amma har yau duk taron suna ko ɗaurin aure sai ya ce a tambaye ni labarin zurfin Erie.

Ɗan Yawuri:
Inna lillahi. Kawu, wato yanzu akwai kifin da ke yawo da sandar suruki a ƙarƙashin ruwa, ya zama sarkin ruwan Amurka.

Kawu na Detroit:
Kai yaro ba abin dariya ba ne. Ramuka 8 suka bar mini a jirgi, kowanne ya yage.

Injiniya, Legas:
Allah ya mayar da alheri Kawu. Amma laifin ba na dogo ba ne, na ɗauri ne. Noti ya ratsa ya fita ta ƙasa, a sa faranti na alminiyam ko babbar washa a ƙarƙashi don nauyin ya bazu, sannan a ɗaure. Sandar da ke tsaye a mariƙi kamar ƙarfen ɓanɓare ƙusa take aiki, duk jan da aka yi a samanta yana ninkuwa a gindi.

Abu na biyu da ba wanda ya faɗa: notin da ba ya tsatsa in ya zauna a jikin alminiyam da damshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Za ka ga farin gari kewaye da ramin. A shafa Tef-Gel, man da ke hana wannan cinyewar, a zaren notin, a sa washar roba tsakani. Kuma a nemi notin da ƙarfensa mai lamba 316 ne, ba 304 ba. Gam ɗin toshe rami kuma kada a kuskura a sa mai lamba 5200 na kamfanin 3M in ana tunanin cirewa wata rana, 4200 ake sawa.

Alhajin Toledo:
Injiniya, wannan karatun ruwan gishiri ne. Mutumin nan a ruwan daɗi yake. 304 ya ishe shi.

Injiniya, Legas:
Alhaji, gishirin da ake watsa muku a titi lokacin ƙanƙara fa? Ko a kai yake ɗaukar jirgin zuwa tafki?

Alhajin Toledo:
Wa ke jan jirgi a watan Janairu? Ka taɓa taka ƙanƙara ma kuwa?

Maman Hanif, Minneapolis:
Kawu, sannu. Amma ka ga na ƙarfe ka saya mai tsada kuma ya tafi. Namu na roba yana nan.

Alhajin Toledo:
Hajiya, da girmamawa, shawararki ba ta shiga nan. A Minnesota in ba lokacin ƙanƙara ba zare 1 doka ta yarda mutum ya jefa a yawancin tafkunanku. Mu a Erie sanda 3 kowane mutum. Shi da yara 2, sanda 9 ke nan in ya ga dama. Wanda ke riƙe da sanda ɗaya ba zai koya wa mai tara yadda ake jera su ba.

Maman Hanif, Minneapolis:
Sanda 9 a jirgi mai ƙafa 16 da yarinya mai biskit? Alhaji, zare zai kama ko kifi? Kuma ya ce Erie sau 2 ne a shekara. Ku dai kuna so ya sayi irin naku ne.

Na Gaya:
Salamu alaikum. Ni duk wannan ban gane ba. Nan bakin kogin Kwara wani abokina mai jirgin roba bututun ruwa ya yanka, tsawon kamu 2, ya ɗaure da maɗaurin tiyo a jikin kujera. Jika 2 ya kashe duka. Da shi yake jan giwan ruwa.

Ɗan Yawuri:
Atoh! Faɗa musu ɗan uwa. Nan ma mai walda zai lanƙwasa maka rodi ya yi fenti, naira 5,000 ka tafi da 4. Su kuma kifin da suke kashe wa dala ɗaruruwa, wai sai ya kai inci 15 kuma guda 6 kacal a rana. A Kainji yaro ne ke kamo wannan a yi miyar dare.

Kawu na Detroit:
Ku masu taru da mamari ku bari. Ba ku taɓa ganin sanda ta tafi a gabanku ba. Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Da na kai jirgin wani wuri a toshe ramukan, mai gyaran ya leƙa ya ce ai hannu yana shiga ƙarƙashin, kasala ce kawai ta hana su. Minti 20 da sun sa noti. Minti 20! Ni kuma shekara 3 ina shan gori.

Ɗan Zongo, Columbus:
Baban Ummi maƙwabcina, barka da arziki, ban ma san ka saya ba. Farashin Alhaji tsoho ne, bana na duba mai inci 24 ya haura 90. Amma a Facebook Marketplace na samu guda 2 na hannu dala 35 duka, wani tsoho ne ya daina fita. Ka jira watan Oktoba, lokacin da mutane ke ajiye jirage, kaya kan zube.

Alhajin Toledo:
35 guda 2? Ko dai na labule aka sayar maka.

Ɗan Zongo, Columbus:
Yana nan a jirgina, ka zo ka gani. Abu ɗaya dai, Baban Ummi, irin wannan dogon faɗinsa wajen inci 3 ne. Kai ka ce leɓenka 2 da rabi. Zai leƙo waje. Ka duba ko jirginka na da kwarmi a jikin leɓen ta ciki, don masu ƙera jirage irin su Lund da Tracker suna yin nasu da shi tun daga kamfani, sai a zura maɗauri ba a huda komai ba.

Baban Ummi, Columbus:
Alhamdu lillahi, wani ya karanta tambayata. Babu kwarmi, tsohon yayi ne. To yaya zan yi da bayan da hannu ba ya shiga?

Injiniya, Legas:
Akwai notin da ake cusawa ta sama a matse shi da abin aiki ya kumbura ta ƙasa, kamar ribit amma da zare a ciki. Zai riƙe sanda mai sauƙi. Abin Kawu mai nutso kam, ban ba ka shawara ba.

Kawu na Detroit:
Kada ka yarda da duk abin da idonka bai ga ƙasansa ba. Kuma kada ka ari sandar kowa. Kada kuma ka ba da aro. Ni yanzu ko ƙugiya ba na bayarwa.

Ɗan Zongo, Columbus:
Kawu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Aro ma da sauƙi. Masu cewa a tafi da su fa? Daga Columbus zuwa Port Clinton a bakin Erie awa 2 da wani abu, mota na jan jirgi tana shan mai, ga man inji, ga tsutsa, ga ƙanƙarar ajiye kifi. Mutum ya zo da hular rana da waya kawai. An dawo kuma shi ne na farko wajen zaɓen manyan.

Alhajin Toledo:
Wallahi ka faɗi gaskiya. Na taɓa ɗaukar mutum 3, ɗaya ya yi amai tun daga fita har dawowa, ɗaya ya taka mini sanda ya karya kanta, na ukun ya ce in tsaya a hanya ya sayi ruwa, ya fito da kwalba 1. Ba wanda ya ce Alhaji ga na mai.

Maman Hanif, Minneapolis:
To ku faɗa musu mana tun a gida. Mu maigidan cewa yake kowa dala 20, wanda bai da shi ya zo da abinci.

Alhajin Toledo:
Hajiya, da girmana in ce wa baƙo kawo 20? A ji a gari?

Maman Hanif, Minneapolis:
Ai ga shi an ji a nan.

Na Gaya:
Nan ma haka ne. Mai jirgi ya sayi esansi, kifi kuma na dangi ne.

Ɗan Yawuri:
Ni dai Yaya Baban Ummi, in Allah ya kawo ni Amurka ka ajiye mini kujerar gaba. Zan riƙe maka sandar da hannu, ka ga ka huta da dogo da noti, 400 ɗin kuma ka turo ta nan.

Kawu na Detroit:
Shi ma surukin nawa bai taɓa ba da na mai ba, sau 5 na fita da shi. Da na lissafa da ya fi kuɗin sandar.

Baban Ummi, Columbus:
Jama'a na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban ji ba, in leɓen inci 2 da rabi ne, akwai siririn dogon da zai zauna, ko in haƙura in ɗaure na roba 4 a gaba inda hannu ke shiga?

Ɗan Zongo, Columbus:
Zan leƙo in gani da ido. Asabar ɗin nan za ka fita? Akwai wani ƙanen matata da ya zo hutu, yana so a tafi da shi.