Kwamin wanka mai ƙafafun ƙarfe: gyaran ƙasa, haɗa bututu da ruwan bohol

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Ga kwamin wanka na Intex, zagayayye, faɗinsa mita 4.57, tsayinsa mita 1.22, yana nan cikin kwali. Tsakar gidan ƙasa ce, ruwan kuma na bohol. Masu hannu a harkar, da me ake farawa? Kuma a bar tiyon da ya zo da shi ko a sa bututun PVC?

Birkilan Layi: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar tiyo tukuna, ƙasa ce farko. Wannan kwamin yana cin kusan lita 16,800, wato nauyin kusan tan 17. In wani gefe ya fi wani gangara da sama da santimita 2.5, ruwan can zai jingina, ƙafafun wajen su fara lanƙwasa, ɗinkin ledar ya riƙa ja har ya buɗe.

Kafa turke a tsakiya, ɗaura igiya mita 2.6, ka zana da'ira. Ɗauko siririn tiyon nan mai haske da muke ɗaukar lebul da shi, ka auna wuri takwas ko goma a kewayen. Inda ya yi tudu a sare shi har ya sauko daidai da inda ya fi kwari. Kada a cike kwarin da ƙasa. Cikon ƙasa komai dakan da ya sha sai ya zauna idan nauyi ya hau shi. A tono saiwar aya-aya gaba ɗaya, tsironta yana huda leda. Kowace ƙafa a binne mata bulon intalok, samansa daidai da fuskar ƙasa, kada ya ɗago.

Wuri biyu babu su a lissafi: kan murfin sokawe da kan dekin. Ruwa mai zurfin mita ɗaya kilo 1,000 ne a kan kowace murabba'in mita, dekin gidan zama kuwa ba a zuba shi don wannan ba.

Mai Lambu: Yashi mai laushi kamar santimita 2 a ƙarƙashin tamfol yana sa ƙasan ya yi daɗin takawa.

Birkilan Layi: Haka ne Alhaji, a tsakiya. Amma kada ya kai ƙarƙashin ƙafafu, ruwan Agusta zai zare shi ya bar su a rataye. Mai hali ya yi daɓen kankare kawai, ya shimfiɗa tabarmar soso a kai. Kuma idan an fara zuba ruwa a tsaya a santimita 3, a shiga ba takalmi a ture tattarewar ledar daga tsakiya zuwa gefe. A nan ne kuma ruwan da kansa zai nuna ko lebul ya yi. Ya wuce tsawon tafin hannu, leda ba ta ƙara motsi.

Mai Famfo: To, ga maganar bututu. Ƙaramin injin da ke zuwa a kwalin, mai matatar takarda da tiyo milimita 32, yana aiki, amma ƙurar hunturu tana toshe takardar cikin 'yan kwanaki. Matatar yashi ta fi dacewa da mu. Mai tulu inci 12 tana cin yashi kilo 23, kuma duk da an rubuta lita 7,900 a awa a jikin injin, abin da ke ratsa yashin bai wuce 6,000 ba. Awa 3 ke nan ruwan kwamin ya zagaya sau ɗaya. A ba shi awa 6 a yini. Tiyonta milimita 38 ne, don haka sai an nemi mahaɗin da Intex ke kira Adapter B kafin ya zauna a ƙofar 32.

Jerin haɗin: ƙofofin zuƙa biyu na ƙasa su haɗu a ti (mahaɗi mai baki uku), sai bawul, sai injin, sai tulun yashi, sai bawul na biyu, sai ƙofar mayarwa ta sama. Kada a toshe ɗaya daga ƙofofin zuƙan don ragin aiki. An yi su biyu ne saboda in jikin yaro ya rufe ɗaya, ɗayar ta saki jan. Injin ya zauna a ƙasa, ƙasa da fuskar ruwa, domin irin wannan ba ya jawo ruwa sama da kansa.

In za a koma PVC, a sayi inci ɗaya da rabi mai kauri na ruwan matsi, ba siririn na ruwan datti ba. Zaren Intex bai dace da soket ɗin kasuwa ba, wanda ya tilasta shi zai fasa bakin injin, sai da mahaɗinsa. A sa yuniyan (mahaɗin da ake kwancewa) gaba da bayan injin don a iya cire shi ba tare da zarto ba. Elbo kaɗan, kowanne yana rage gudu. Abin da aka fi mantawa: bangon kwamin leda ne, yana motsi duk lokacin da yara suka yi tsalle. Bututu mai tauri in ya kama bangon kai tsaye, ledar ce za ta yage a bakin ƙofa. A bar tiyo mai lanƙwasa kamar rabin mita tsakanin bango da PVC, a kuma ɗora bututun a kan bulo ya ɗauki nauyin kansa. Gam a bar shi awa 24 kafin a saki ruwa. Inda akwai zoben roba ba a sa tef, ɗaurin hannu ya isa, sifana fasa shi take yi.

Wajen zuba yashi: na matata ne, ƙwayarsa milimita 0.45 zuwa 0.85. Yashin rafi komawa yake cikin kwamin. Rufe bakin bututun tsakiya, zuba ruwa rabin tulu, sannan yashin a hankali, kada ya karya yatsun robar da ke ƙasa. Tashin farko a sa hannun bawul ɗin da ke saman tulun a Backwash (wankin yashi) minti 2 zuwa 3, Rinse (ɗauraya) minti 1, sannan Filter (tacewa). Kullum a kashe injin kafin a juya hannun, in ba haka ba robar ciki ta tsage.

Mai Wayarin: Soket ɗin injin ya kasance da wayar ƙasa ta gaske, da makashin RCD mai 30mA, wato mai yanke wuta da kansa in ta zurara, nesa da inda ruwa ke fantsama. Waya mai ɗauri da baƙin tef a jiƙaƙƙen wuri ba abin wasa ba ce. Ƙarancin wuta kuma yana ƙona injin, a haɗa shi da sitabilaiza.

Hajiyar Gida: Ruwan bohol a gwada shi a bokiti kafin a cika: zuba ɗan kulorin, a bar shi ya kwana. In ya koma kalar shayi, akwai ƙarfe a ruwan. Maganinsa alif, injin a kashe har dattin ya kwanta, a zuƙe shi da tiyo zuwa waje, kada ya bi ta matata. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya 7.2 zuwa 7.6, kulorin miligram 1 zuwa 3 a kowace lita. Garin kulorin a narkar da shi a bokiti, a zuba da magariba, don rana tana cinye shi. In aka watsa shi haka ya kwanta a ƙasa, ledar ta koɗe a wurin. Garin kulorin da ƙwayar kulorin ba a haɗa su a mazubi ɗaya, wuta suke kamawa. Sannan tsani: an gama wanka a ɗauke shi a kai ɗaki, ko da ruwan bai kai rabi ba.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in ruwa yana raguwa, ta yaya za a bambance yoyo da shan rana?

Mai Famfo: Santimita ɗaya a wannan faɗin lita 164 ce, shi ya sa raguwar watan Afrilu ke tsorata mutane. Ɗora bokitin ruwa a matakin tsani, ka yi alama a cikinsa da jikin kwamin, injin a kashe, ka duba bayan awa 24. In sun sauka tare, rana ce da iska, murfin tamfol zai rage. In na kwamin ya fi sauka, fara da laluben bakin ƙofofin nan uku. In kuma kumfa ke fitowa ta ƙofar mayarwa ba tsayawa, injin yana shaƙar iska ne ta gefen zuƙa, galibi zoben murfin kwandonsa ne ya bushe ko ya karkace.